Kafin Inji Ya Buga: Jawabi Ga Masu Motoci Da Direbobinmu





Da sakatare ya aiko cewa mu ne za mu yi magana a zaman wannan wata, kuma wai a kan injin mota, sai da muka yi dariya. Mu ba kanikawa ba ne. Karatunmu na allo ne da Islamiyya, sana'armu kuwa saye da sayarwa, masara da wake da gyaɗa, tun muna yara muna bin mahaifinmu kasuwa. Amma da muka sake tunani sai muka ga ai wanda ya sayi inji har sau biyu daga aljihunsa, shi ma ya yi makaranta, sai dai makaranta ce mai tsada. To abin da muka koyo a can shi muke so mu ba ku kyauta yau. Inda muka karkace, ga kanikawa nan zaune, sai su miƙe mu.

Kakanninmu da suka sauka a wannan gari daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, jakuna da takarkarai ne suka kawo su. Bafataken da ya san aikinsa, da ganin tafiyar jakinsa ya san ko ƙafa ce take ciwo ko mangala ce ta karkace, ba sai jaki ya faɗi ba. Yau jakinmu shi ne mota. Da ita muke cin kasuwar Mubi da Ganye da Ngurore, da ita muke zuwa Gombe da Kano. Da yawa daga cikinmu, in aka yi lissafi na gaskiya, rabin jarinsu yana cikin motar nan. Amma mu nawa ne muka san kukanta?

Bari mu fara da abin da ya same mu, don kada a ce muna faɗa wa mutane abin da ba mu ɗanɗana ba. Shekarun baya muna da wata J5 da take yi mana jigilar wake daga Mubi. Wata safiya direba ya same mu a rumfa ya ce, "Alhaji, motar nan tana wata ƙara daga ƙasa, kamar ana buga guduma cikin bargo." Lokacin wake yana tashi, ga dillali yana jira. Muka ce masa, "Je ka dawo, in ka sauke kaya sai a duba." Ya je lafiya, ya yi lodi, ya wuce Hong, ya wuce Gombi. Kafin ya iso Song inji ya buga. Ƙarfen da ke riƙe da fistin ya tsinke ya fasa jikin injin, bakin mai ya tsiyaye a kan kwalta. Muka biya motar da ta kwashe kaya, muka biya wadda ta jawo tamu, muka aika Ƙofar Ruwa a Kano aka sayo wani injin, mota ta kwana arba'in ba ta nemo kwabo ba. Da bakanike ya kwance tsohon injin, sai ya ɗora mana wani ɗan ƙarfe a tafin hannu, lanƙwasasshe kamar jinjirin wata, ya cinye har jan ƙarfen ciki ya fito. Ya ce, "Ranar da yaronka ya ji ƙarar nan, da wannan kaɗai za a canza, sai bakin mai." Ba mu ce masa komai ba, don babu abin faɗa.

Kafin mu shiga batun ƙara, sai mun san abin da ke gudana a ƙarƙashin bonet. Yawancin motocinmu silinda huɗu gare su. Ku ɗauka mata huɗu ne suke lugude a turmi. Kowace tana ɗaga taɓaryarta, tana saukewa a lokacinta, ba ta riga 'yar'uwarta, ba ta kuma makara. A cikin kowace silinda akwai fistin, yana sauka ya shaƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ƙyasta wuta su kama su tunkuɗa shi ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Wani Bajamushe mai suna Otto ne ya daidaita wannan tsari a 1876, har yau kuwa a kansa ake. A mafi yawan injuna masu silinda huɗu, ta ɗaya ce take fara bugu, sai ta uku, sai ta huɗu, sai ta biyu. In allurar inji tana kan 3000, kowace silinda tana kama wuta sau 25 a cikin daƙiƙa guda, su huɗun sau 100 ke nan. To lugude mai irin wannan sauri, in mace ɗaya ta sauke taɓarya kafin lokacinta, za a ji karo. In kuwa ɗaya ta tsallake nata bugun, za a ji giɓi. Karon shi ne abin da kanikawa suke kira nokin. Giɓin shi ne misin. Maganarmu ta yau ke nan.

Sai dai kalmar nokin ɗin nan ta rikita mutane, domin abu biyu ne daban ake kira da suna ɗaya. Ɗaya ana iya lallaɓawa da shi a kai gida. Ɗayan kuwa in ka ji shi, ko a tsakiyar daji kake, ka kashe mota.

Na farko ƙara ce siririya, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. Ba a jin ta in mota tana tsaye tana silo. Ana jin ta ne in an taka totur mota tana da kaya, ko ana hawa tudu da babbar giya, musamman da rana tsaka. Ka ɗaga ƙafa ko ka sauko giya, sai ta ɗauke. Abin da ke faruwa shi ne, wutar da fulogi ya ƙyasta kamata ya yi ta ci fetur a hankali daga wuri ɗaya, kamar yadda wutar daji take cin ciyawa daga gefe zuwa gefe. To in zafi da matsi suka yi yawa, ragowar fetur ɗin da wuta ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa gaba ɗaya. Wannan fashewa ce take dukan bangon silinda da kan fistin. Ta 'yan daƙiƙu ba ta kashe inji. Amma in aka yi watanni ana tafiya da ita, tana karya ringi, ta ƙone gasket, har ta huda kan fistin.

Me ke kawo ta? A nan wurinmu, na gaba-gaba shi ne mai. Fetur yana da ma'aunin juriya, wato yadda yake daurewa a matse shi bai fashe da kansa ba, shi ake kira lambar oktan. A gidajen man Turai za ka ga an rubuta 95 ko 98 a jikin famfo, kuma motocin da muke saye 'yan Kwatano da yawansu don irin wancan man aka ƙera su. Tsofaffin direbobi kan ce man zamanin da ba ya sa inji ƙara, kuma suna da 'yar gaskiya, domin tun 1921 aka gano a Amurka cewa sinadarin dalma yana hana wannan fashewa, aka yi ta zuba shi a fetur shekara da shekaru. Daga baya aka tabbatar guba ne mai lalata ƙwaƙwalwar yara. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina shi a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Wannan kam ba abin kewa ba ne.

Abin da ya shafe mu yau shi ne man bakin titi. Mu mutanen iyaka ne, kowa ya san yadda jarka take yawo tsakanin nan da Kamaru, kowa kuma ya san 'yan bumburutu. Ba mu ce dukkansu macuta ba ne, wasunsu 'ya'yanmu ne masu neman na tuwo. A shekarun 1990, lokacin dogayen layukan mai, kananzir ake sirkawa, shi kuwa kananzir ba shi da juriyar fetur ko kaɗan, shi ya sa motoci suka yi ta ƙara suna hayaƙi. Tunda kananzir ya zo ya fi fetur tsada wannan ya ragu, amma jarkar da aka zuba dizal jiya aka zuba fetur yau ba a wanke ba, da durom mai tsatsa, da ruwan da ke kwance a gindinsa, duk suna nan. Kada kuma mu ɗora laifin duka a kan yara masu galan. Kun tuna watan Fabrairu na 2022, da aka shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai sinadarin metanol fiye da ƙima, kamfanin mai na ƙasa da kansa ya fito ya amsa, aka janye man, ƙasa ta shiga layi makonni. Wannan ta gidan mai ya bi. Haka nan a watan Yuni na 2024, da masu gidajen mai na Adamawa suka rufe saboda saɓaninsu da jami'an kwastan, wa ya tsaya tambayar asalin man da ya samu? Saboda haka tambaya ta farko in mota ta fara wannan ƙara ita ce: a ina aka sha mai na ƙarshe? In bayan shan man ne ta fara, kada a taɓa sukurdireba tukuna. A zuƙe man, ko in kaɗan ne a cika tanki da mai kyau daga wurin da aka amince da shi, a canza filtar mai, a sake saurare.

Na biyu shi ne zafi. Ba sai mun gaya wa mutumin Jimeta zafin watan Maris da Afrilu ba, ranar da ma'auni yake wuce 40 kwalta tana narkewa. Injin da lagiretonsa ya toshe da laka da tsatsa, ko fankarsa ba ta tashi, ko murfin lagireto ya saki, shi ne na farko wajen ƙara. A nan muna da ƙorafi a kan wata al'ada, kanikawa ku yi mana haƙuri. Da an sayo mota sai a ce a cire mata tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye. Mu ma mun yi, kuma mun ga sakamakon. Ɗan ƙarfen nan shi ne yake tsare inji a kan zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. In aka cire shi, da sanyin hunturu inji ba ya ɗumama da wuri, yana shan mai fiye da ƙima, baƙin toka yana taruwa a kan fistin da fulogi. Wannan tokar ita ce daga baya take rage fili a cikin silinda, ta riƙe zafi kamar garwashi, ta jawo ƙarar da ake gudu. In tamostat ya lalace a sa sabo, shi ke nan.

Na uku taimin. Motoci masu distiributa, irin su 504 ɗin da aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin Peugeot a 1975, da tsofaffin Starlet ɗinmu na hanyar ƙauye, bakanike yakan murɗa distiributa da kunne don mota ta ƙara kuzari. In ya zarce, wuta takan zo da wuri tun fistin bai gama hawowa ba. Alamarsa ita ce ƙarar tsakuwar nan a hawa, da wahalar tashi in inji ya yi zafi. Akwai fitilar da ake saita taimin da ita, a nemi mai ita. Motocin zamani kuwa suna da wani ɗan kunne a manne a jikin inji, da ya ji ƙarar sai ya gaya wa ƙwaƙwalwar mota ta jinkirta wuta. Shi ya sa mai Corolla ko Camry ba lalle ya ji komai ba, sai dai ya ga mota ta yi nauyi tana shan mai.

Na huɗu mu ne da kanmu. Motar da aka ƙera don mutum bakwai, mun ɗora mata buhu goma sha, direba kuma ya ƙi sauko giya a hawa wai yana tattalin mai. Wanda ya taɓa hawan Mambila da kaya ya san abin da muke nufi. Ba tattali ba ne, azabtar da inji ne.

To yanzu sai nokin na biyu, wanda ya cinye mana J5. Wannan ƙara ce mai nauyi, daga ƙasan inji take fitowa, ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar ana buga ƙofar katako da dunƙulen hannu. Tana bin juyin inji, ka taka ta yi sauri, ka saki ta rage, kuma ta fi fitowa bayan inji ya yi zafi mai ya tsinke. Ba ruwanta da fetur. Tsakanin karanshaf da sandar fistin akwai ɗan ƙarfen nan da aka ɗora mana a hannu, wanda kanikawa suke kira metal. Ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce kaurin gashin kai ba, kuma bakin mai ne kaɗai yake cike ta ya hana ƙarfe taɓa ƙarfe. In mai ya yi ƙasa, ko ya tsufa ya zama kamar kwalli, ko famfonsa ya gaji, ko rariyar da ke tsotso shi ta toshe, metal sai ya fara cinyewa. Rata ta buɗe, kowane bugu sandar tana dukan karanshaf. Ƙarar da kake ji ke nan. Daga ranar da kunne ya fara jin ta, kowace kilomita ƙarin kuɗi ce: yau metal ne kawai, gobe sai an kai karanshaf an rage shi, jibi inji ne ɗungurungum.

Tana da 'yan rakiya da za su tabbatar maka. Jar fitilar mai ta riƙa ƙiftawa in mota tana silo bayan doguwar tafiya. In aka juye man a faranti aka kai rana, a ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla. Bakanike mai hankali zai ɗora bakin doguwar sukurdireba a jikin inji ya kara ƙotar a kunnensa ya bi ƙarar har inda ta fi ƙarfi, sannan ya riƙa yanke wa silinda wuta ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka yanke wa wuta ƙarar ta lafa, to metal ɗinta ne. Duk wannan ba a kwance ƙusa ko ɗaya ba.

Maganar bakin mai kuwa, mun san araha tana da daɗi, amma man awo da ake ɗiba daga durom a zuba a gorar ruwa, wa ya san asalinsa? Har na galan ma akwai jabu, a duba hatimi, a saya inda aka sani. Kuma kowane inji da kaurin man da ya dace da shi. Tsohon inji yana ɗaukar 20W-50, amma sababbin nan da yawa an rubuta 5W-30 ko 5W-20 a murfin mai, hanyoyin mansu sirara ne, in ka zuba musu mai kauri wai don zafin Yola, man ba ya isa sama da wuri da safe. Ƙura kuma ta hunturu da ta hanyoyin ƙauye tana tsofar da mai da wuri, don haka filtar iska ba ado ba ce. Direba ya zaro sandar awon mai kowace safiya kafin ya tayar da mota. Minti ɗaya ne.

Wani abu kuma da yake kawo irin wannan bugun farat ɗaya shi ne ruwa. Mun ga ambaliyar 2012 da ta 2022 da aka sako madatsar Lagdo, kuma ko ba Lagdo, ruwan sama ɗaya ya isa ya mai da wasu titunan garin nan kogi. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. In inji ya shaƙi ruwa ya mutu a tsakiyar kududdufi, kada a sake murɗa makulli. A tura motar waje, a cire fulogogi duka, a juya inji ruwan ya fito, a canza mai. Wanda ya dage da tayarwa, sandar fistin zai lanƙwasa.

Akwai kuma ƙararrakin da ba su kai a tayar da hankali ba. Ɗan tik-tik daga saman inji kamar keken ɗinki, wannan na bawul ne, saiti yake so. Ƙwanƙwasar da ake ji da sanyin safiya ta ɓace in inji ya ɗumama, fistin ne ya ɗan yi sako-sako, tsohon inji yakan daɗe a haka. Wani lokaci ma garkuwar salansa ce ta saki. Mun san wanda aka kusa sauke wa inji saboda ƙusa guda.

Mu koma kan misin. Alamarsa ba ta ɓuya. Mota tana tsaye tana kakkarwa har sitiyari yana rawa, salansa tana fat-fat kamar mai tari, ka taka ta yi sassarfa, ƙarfi ya ragu, mai yana zurarewa, kana jin warin ɗanyen fetur a baya. Silinda ɗaya cikin huɗu ta kwanta, wato rubu'in ƙarfin motarka ya tafi, amma man da take sha yana nan, ana zubar da shi ta salansa. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1000. Ɗan kasuwa ya yi wannan lissafi da kansa.

Abu uku silinda take bukata kafin ta yi bugu: wuta, da mai gauraye da iska daidai, da matsi. Duk misin ɗin duniya ɗaya ne daga cikin ukun nan ya ɓace. Abin da muke roƙo shi ne a bi su daga mai araha zuwa mai tsada, kuma kafin komai a gano wace silinda ce.

Gano ta ba wuya. A bar mota tana silo, a cire wayar fulogi ɗaya da filaya mai rufin roba, domin wutar nan ta wuce bolt dubu goma, wanda ta taɓa fizga ba ya mantawa. In aka cire inji ya ƙara rikicewa, wannan silinda tana aiki, a mayar. Wadda aka cire ba abin da ya canza, ita ce marar lafiya. A motocin da kowace silinda take da koyil nata, soket ɗin koyil ake cirewa. Daga nan sai musaya: a ɗauki koyil ɗin marar lafiya a kai wa maƙwabciyarta. In ciwon ya bi koyil, an kama ɓarawo, koyil ɗaya za ka saya, ba huɗu ba. In bai bi ba, a musanya fulogi. In bai bi ba, a musanya nozul. Wannan dabara ba ta cin ko sisi, amma sau nawa aka sa mu sayen koyil huɗu da fulogi huɗu da famfon mai, ciwo yana nan inda yake?

Shi kansa fulogi shaida ne, a karɓa a duba da ido. In bakinsa ruwan ƙasa ne a bushe, lafiya. Baƙi a bushe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, a duba filtar iska da kafireta ko nozul. Baƙi mai danƙo, bakin mai ne yake haurowa, ringi ko robar bawul. Fari fat har ya fara narkewa, mai ya yi kaɗan zafi ya yi yawa, wannan kuwa ɗan'uwan nokin ɗin farko ne. In kuma ka ga guda ɗaya tas kamar an wanke shi, sauran da datti, ga ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ga farin hayaƙi, to gasket ne yake barin ruwa ya shiga.

In misin ɗin ba a silinda ɗaya ya tsaya ba, yana yawo, to abin da suka yi tarayya a kai za a duba: mai marar kyau, filtar da ta toshe, tiyon iska da ya tsage, ko famfon mai da ya gaji. Famfon nan a cikin tanki yake a motocin zamani, kuma fetur ne yake sanyaya shi. Tunda mai ya yi tsada muka koma shan lita biyar-biyar, allura kullum a kan ja, famfo yana aiki cikin zafi yana tsotsar dattin gindin tanki. Wanda zai iya, ya riƙa barin ko rubu'in tanki.

Sai wuta da mai sun fita daga zargi sannan a zo kan matsi, kuma shi ma akwai agogon awonsa da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Silinda huɗun ya kamata su zo kusa da juna. In ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, a zuba mata cokali ɗaya na bakin mai a sake awo. Ta tashi, ringi ne. Ba ta tashi ba, bawul ne ya ƙone ko bai zauna ba. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Duk wanda ya ce a buɗe maka inji bai yi wannan awo ba, ce masa ya dakata.

Masu sababbin motoci kuma, Allah ya hutar da ku. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1996, da na Turai masu fetur tun daga 2001, suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake sa kwamfuta. In ta nuna P0301, silinda ta ɗaya ce take misin, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe, P0300 kuwa mai yawo ne. Amma fa kwamfuta ɗakin marar lafiya kawai take nunawa, ba ta faɗin cutar, sai an yi musayar nan da muka ambata. Kuma goge lamba ba gyara ba ne, balle manna baƙin tef a kan fitila, wanda mun gani da idonmu. In fitilar inji ta tsaya cak a kunne, a je gareji cikin mako. In tana ƙiftawa, a rage gudu a nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen fetur yana ƙona matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda yaran gareji suke kira indomi, kuma kowa ya san kuɗinta.

In za a kai mota gareji, a je da bayani. "Motata ba ta da lafiya" ba bayani ba ne. A ce yaushe ta fara, da sanyi take yi ko da zafi, a tsaye ko a hawa, daga sama ƙarar take ko daga ƙasa, ina aka sha mai, yaushe aka juye bakin mai, ta taɓa tafasa ko ta shiga ruwa. Bakanike na kirki yana jin daɗin wannan, domin ka rage masa rabin aiki. Abin da aka cire kuma a ba ka kayanka ka gani. Mu kuma masu motoci mu riƙa biyan kuɗin bincike. In mutum ya ɓata awa biyu ya gano koyil ɗaya ne, sai mu ce ai ba ka yi komai ba, mu miƙa masa kuɗin ruwa. To gobe don me ba zai ce a sauke inji ba?

Saura direbobi. Yaron da ya gaya mana gaskiya a rumfa ran nan, bayan inji ya buga sai da muka yi masa faɗa, alhali laifin namu ne. Daga baya muka kira shi muka ba shi haƙuri. Mun san direbobi da yawa suna jin ƙara su yi shiru, don in sun faɗa za a ce su suka lalata, ko a cire a albashinsu, ko a ce balas ɗin ranar yana wuyansu. Tun daga lokacin muka kafa wa namu direbobin ƙa'ida: wanda ya ji ƙara mai nauyi ko ya ga jar fitilar mai, ya kashe mota a inda yake ya buga waya, ko kayan wa ya ɗauko, kuma ba a cire masa ko kwabo. Sau biyu aka tsaya mana a hanyar Numan a kan abin da bai kai ya kawo ba, muka biya kuɗin bakanike ya je ya dawo. Na ukun famfon bakin mai ne ya mutu, injin kuma yana nan yana aiki har yau.

Muna da shawara guda ga kwamitin ƙungiya, in shugaba ya yarda a sa ta cikin ajandar zama mai zuwa. A fitar da kuɗi daga asusu a sayi agogon awon matsi guda, da fitilar taimin, da 'yar kwamfutar nan ta karanta lamba, a danƙa su hannun ɗaya daga cikin kanikawanmu da kowa ya yarda da amanarsa, duk ɗan ƙungiya ya riƙa biyan ɗan abin da aka yanka a yi masa awo kafin a buɗe masa inji. Mu mun ɗauki nauyin agogon matsi. Ranar Asabar mai zuwa kuma bayan la'asar za mu kawo motarmu nan ƙofar ofis, ɗaya daga cikin kanikawan nan ya yi alkawarin zai cire mata koyil a gaban kowa, don matasa da direbobi su ji misin da kunnensu su ga yadda ake musaya. Wanda yake da tsofaffin fulogogi a gida ya zo da su a karanta masa.